Littafin da aka ba 'yata a makarantar Katolika, ya dace da 'yar shekara 15?

Maman_Rifkatu: Salama a gare ku iyaye da malamai. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na rasa wanda zan faɗa wa. 'Yata tana SS2 a wata makarantar Katolika a nan Jos, jeka-ka-dawo take yi, shekararta 15. Lauya take son zama, don haka dole ta ɗauki adabin Turanci. Littafin da suke yi a wannan zangon shi ne Invisible Man. Malaminsu ya ce su karanta babi na 1 da na 2 a gida. Da daddare na shiga ɗakinsu na same ta zaune, ta rufe littafin ta ɗora a cinya, ta yi tsit. Na ce lafiya? Ta ce ba komai Mama. Da ta yi barci na ɗauka na karanta da kaina.

Jama'a, a babi na 2 wani magidanci ne yake ba da labari dalla-dalla yadda ya yi wa 'yar cikinsa ciki. A babi na 1 kuma an kawo mace tsirara tana rawa a gaban samari. Ni da na haifi huɗu sai da na ajiye shi na fita tsakar gida cikin sanyin nan.

Mun ƙuntata wa kanmu muna biyan kuɗin makarantar nan ne saboda tarbiyya. To ya dace makarantar da ake addu'a safe da yamma ta miƙa wa yarinya irin wannan? Ko ni ce na cika tsoro?

Baba_Bitrus_Bukuru: Ba ki cika tsoro ba 'yata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya shiga kan yaro ba ya fita da wanka. Gobe ki shirya ki je ki ga shugabar makarantar.

MalamAdabi_Jenta: Maman Rifkatu, sannu. Shekara 17 ina koyar da wannan darasi, bari in fara da bayanin yadda littafin ya iso hannunta, don kada a ɗora wa Sistoci ko Fada abin da ba su suka ƙirƙiro ba. Hukumar WAEC ce take fitar da jerin littattafai, ana aiki da shi shekara biyar a canza. A jerin 2021 zuwa 2025, ɓangaren ƙagaggun labarai na wajen Afirka littafi biyu ne: wannan na Ralph Ellison, ɗan Amurka, da ya fito a 1952, da Wuthering Heights na Emily Brontë, 'yar Ingila, na 1847. A ɓangaren Afirka ma biyu ne. Littafi ɗaya yaro yake amsa tambaya a kansa a kowane ɓangare. Makarantar gwamnati da ta mishan da ta Islamiyya duk jarrabawa ɗaya suke zaunawa, haka yaran Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya.

Ladi_Rukuba: To Malam ai ka ba mu amsa da bakinka. Tunda biyu ne, makaranta tana da zaɓi. Me ya hana su ɗaukar ɗayan?

MalamAdabi_Jenta: Gaskiyarki Anti Ladi, akwai zaɓi, kuma makarantu da dama ɗayan suka ɗauka. Sai dai shi ma ba ruwan sanyi ba ne. Babu batsa a fili, amma akwai mugunta da ramuwar gayya da dukan mata, har da mutumin da ya sa aka tone kabarin masoyiyarsa. Turancinsa kuma tsoho ne, yaranmu suna shan wuya. Wasu malamai suna zaɓen na Ellison ne don maganar wariyar launin fata tana saurin shiga zuciyar ɗan Afirka.

Hajiya_Gangare: Assalamu alaikum. Ni Musulma ce, 'ya'yana mata biyu duk a makarantar Sistoci suka yi sakandare, kuma ban yi da-na-sani ba. Abin da ya kai mu can shi ne mun san ana sa ido. Babbar ta yi zamanin Faceless, na wata marubuciya 'yar Gana, Amma Darko, wanda yake cikin jerin 2016 zuwa 2020. Labarin yaran titi ne a Akara, da yarinyar da aka jefa karuwanci tun tana ƙarama har aka kashe ta. Da na ji abin da ke ciki raina ya ɓaci ƙwarai. Amma malamarsu wata Sista ce dattijuwa, ba ta taɓa cewa su je su karanta a gida ba. A aji suke karantawa, layi-layi, tana tsayawa tana tambayarsu wa ya yi sakaci a nan, uwa ko uba ko unguwa. Yarinyar nan ta dawo gida ta fara tambayata game da 'yan tallan da ke yawo a kasuwar Terminus har bayan magariba. Ni a wurina, Maman Rifkatu, inda aka yi miki ba daidai ba shi ne barin yarinya ita kaɗai da wannan babi cikin dare.

Maman_Rifkatu: Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. Yadda na ganta zaune shiru ne ya fi tsaya mini a ido.

Katikis_TudunWada: Ina so in ce wani abu a matsayina na mai koya wa yara katikisim. Mu Katolika ba mu saba ɓoye wa yara cewa akwai irin wannan zunubi a duniya ba. A buɗe Farawa 19 a ga Lutu da 'ya'yansa mata. A buɗe 2 Sama'ila 13 a ga abin da Amnon ya yi wa ƙanwarsa Tamar. Dauda da Batsheba fa? Kowace ranar 3 ga Yuni muna bikin Shahidan Uganda, muna gaya wa yara cewa Charles Lwanga ya kare samarin fada daga sha'awar Sarki Mwanga, aka ƙone su a 1886. Ɗaya daga cikin manyan makarantunmu na Jos, St. Murumba, sunan ɗaya daga cikin shahidan nan take ɗauke da shi. Maria Goretti shekararta 11 aka kashe ta a 1902 don ta ƙi wanda ya nemi ya yi mata fyaɗe, kuma yaran firamare ma sun san labarinta.

Baba_Bitrus_Bukuru: Katikis, da girmanka, kada ka haɗa Maganar Allah da littafin wani Ba'amurke. Littafi Mai Tsarki aya biyu uku yake faɗin abin ya wuce, ya nuna maka hukuncin da ya biyo baya. Ba ya zama ya yi ta kwatanta maka yadda aka yi shafi bayan shafi. Yadda ake faɗin abu shi ne maganar.

Katikis_TudunWada: Na karɓi wannan gyara Baba. Akwai bambanci tsakanin ambato da kwatantawa, ban musa ba.

Nas_Talatu: Ku yi haƙuri zan yi magana da ɗan zafi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren haihuwa. Abin da ke babi na 2 ɗin nan ba a Amurka kaɗai yake faruwa ba. Na karɓi haihuwar yaran da ba su kai 'yar Maman Rifkatu ba, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi mai cikin ɗan gida ne, kawu ko mijin uwa ko ɗan haya. Abin da yake kashe ni shi ne yaran ba su da kalmar da za su faɗi abin da ake yi musu. Wata sai cikin ya yi wata shida uwar ta sani. An koya musu kunya, ba a koya musu cewa akwai abin da ba a yi masa shiru ba. Idan littafi zai sa yarinya ɗaya a aji ta gane cewa abin da ake yi mata laifi ne kuma ba ita ce mai laifin ba, wallahi ni ba zan ce a cire shi ba.

Ladi_Rukuba: Anti Talatu, juya maganar taki. A cikin ajin nan mai yara arba'in, idan akwai wadda ake yi wa hakan a gida fa? An ce ta je ta karanta a ɗakin da abin yake faruwa, ranar Litinin kuma ta zo samari suna ƙyaƙyata dariya a bayan aji. Wa zai tallafe ta?

Nas_Talatu: Wannan tambaya ta kama ni, Ladi. Ba ni da amsarta sai dai in ce dole a samu babba a kusa, mai ba da shawara ko Sista da yara suka yarda da ita.

Dan_Naraguta: Iyayena ku gafarce ni, ni ɗalibi ne a jami'a, ban daɗe da barin sakandare ba, kuma makarantar kwana ta Katolika na yi. Gaskiya ita ce yawancinmu ba mu karanta littattafan nan ba. Ƙananan littattafan taƙaitawa muke saya a Terminus, mu haddace sunayen mutanen ciki da jigo, mu haɗa da tsofaffin tambayoyi. Mu zamanin Native Son muka yi, inda Bigger, jarumin littafin, ya kashe 'yar masu gida ya cusa gawarta a murhun ɗumama gida. Shafukan da ke da abin kunya kuwa kowa ya san lambarsu, su kaɗai ne suka yi datti a kwafin laburare. Rifkatu da ta zauna ta karanta babin daga farko har ƙarshe ɗaliba ce ta gaske, Mama.

Kawu_Audu_FarinGada: Kuna ta fama da littafin makaranta, wayar da ke hannunsu fa? Ku duba irin littattafan Hausa da ake sayarwa a rukunonin WhatsApp, ana tura kuɗi a saka mutum. Na kama ƙanwar matata da ɗaya, ban iya karanta shafi biyu ba. Babu malami, babu jarrabawa, babu mai tacewa.

Hajiya_Gangare: Kawu Audu, wannan gaskiya ne. A Kano a 2007, lokacin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a. Yau ga su sun dawo ta waya, sun fi na da muni nesa ba kusa ba.

Baba_Bitrus_Bukuru: Don ɓarawo yana shigowa ta taga ba za ka buɗe masa ƙofa ba. Abin da yaro ya gani a waya ya san a ɓoye yake yi, zuciyarsa tana gaya masa ba daidai ba ne. Wanda malami ya miƙa masa a makarantar Fada kuwa an sa masa hannu ke nan.

MalamAdabi_Jenta: Baba, bari in kare babin nan kaɗan, don ba a saka shi don daɗi ba. Mutumin da ya yi aika-aikar, Trueblood, baƙar fata ne matalauci mai noman haya. Wanda yake sauraronsa, Norton, Bature ne attajiri, ɗaya daga cikin masu tallafa wa kwalejin baƙaƙen fata. Da ya gama jin labarin sai ya zaro dala 100 ya ba shi. Shi kansa Trueblood yana mamaki cewa tun da ya yi wannan abin kunya Turawan garin suka fara taimakonsa fiye da lokacin da yake zaune lafiya da iyalinsa. Abin da marubucin yake nunawa shi ne akwai masu son ganin baƙin mutum a matsayin dabba, har su biya kuɗi don a tabbatar musu. Yaro ɗan Jos zai iya gane wannan. Mun san yadda ake ɗaukar laifin mutum ɗaya a shafa wa ƙabila ko addini gaba ɗaya, mun ga inda hakan ya kai mu a rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010.

Amma yarinya 'yar 15 ba za ta hango wannan ita kaɗai da tocila ba. Ƙazantar kawai za ta gani. Ni idan na zo babin nan, ina faɗa musu tun mako guda kafin lokacin cewa akwai abu mai nauyi a gaba. Ina ba da labarin da bakina a taƙaice, mu karanta farkon da ƙarshen tare, tsakiyar in ce wanda ya ga zai iya ya karanta, wanda ba zai iya ba babu abin da zai rasa a jarrabawa. Abokin aikina da ya ce a je a karanta a gida, ina zargin kunya ce ta hana shi, ya sauke nauyin a kan yara.

Tsohon_Seminari: Ina so in ƙara tarihi kaɗan. Ikilisiya ta taɓa gwada hanyar hani. Akwai jerin littattafan da aka haramta wa Katolika karantawa, ya yi shekara kusan 400 yana aiki, sai a 1966 zamanin Paparoma Paul na 6 aka daina amfani da shi. Tun a ƙarni na 4 kuma Waliyyi Basil ya rubuta wa matasa game da karanta littattafan Girkawa waɗanda ba Kirista ba, ya ce su yi kamar zuma, ta sauka kan fure ta ɗebi abin da zai amfane ta ta bar saura. Kadinal Newman, wanda aka ayyana waliyyi a 2019, ya yi bayanin cewa ba zai yiwu a samu adabi marar zunubi ba alhali labarin ɗan'adam mai zunubi yake bayarwa.

Ladi_Rukuba: Yallaɓai, Newman ɗin nan ba kan jami'a ya yi maganarsa ba?

Tsohon_Seminari: Kan jami'a ne, 'yar'uwa, kin yi daidai. Shekaru suna da muhimmanci. Kuma takardar da Majalisar Vatican ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ta fitar kan ilimi a 1965 ta ce iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu. Saboda haka Maman Rifkatu tana da cikakken haƙƙin a sanar da ita tun kafin a fara. Amma takardar nan dai ta ce a ba matasa ilimin da ya shafi jinsi cikin hikima gwargwadon girmansu. Duka biyun suna ciki.

Kawu_Audu_FarinGada: Ai ko gwamnati ta rasa inda za ta tsaya. A 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ba da umarni a cire ilimin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu, ya ce aikin iyaye da malaman addini ne. To mu iyayen muna yi? Ni dai ban taɓa zama da ɗana na yi masa wannan magana ba, bakina ba ya iya furtawa.

Maman_Biyu_DadinKowa: Ni tambayata daban ce. Duk marubutan da ke ƙasar nan, sai an je Amurka an ɗauko littafi mai shafi ɗari biyar? Yaran da Turancin ma da ƙyar suke haɗa jimla?

Dan_Naraguta: Mama, na gida ma ba su tsira ba. Lokacin da JAMB ta sa Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, uba ne kawai yake hira da 'yarsa kan balaga da samari, amma na ji iyaye a unguwarmu suna cewa ana lalata yara.

Baba_Bitrus_Bukuru: Na karanta duk abin da kuka rubuta, har na Malam, kuma na ƙaru. Amma ban sauya ba. Jikata tana JSS3. Idan ta kai can zan je da ƙafata in tambayi wane littafi suka zaɓa. Makarantar mishan ba ta zama dole ta yi duk abin da kowa yake yi ba, in ba haka ba me ya bambanta ta? Tunda hukuma ta ba da biyu, a ɗauki mai sauƙin. In ta girma ta shiga jami'a ta karanta duk wanda ta ga dama.

Nas_Talatu: Baba, da yawa daga cikin yaran da nake gani ba sa kaiwa jami'ar.

Maman_Rifkatu: Na gode muku duka, Allah ya saka. Bari in faɗa muku inda aka kwana. Jiya na je makarantar. Sista ta karɓe ni da mutunci, ta ce ita kanta ba ta karanta littafin ba, shugaban sashe ne ya zaɓa tun shekarun baya kuma sun riga sun sayi kwafi da yawa. Ta kira malamin. Saurayi ne, bai fi shekara biyu da gama bautar ƙasa ba, kansa a ƙasa har muka gama. Ya ce ya rasa yadda zai karanta wurin a gaban 'yan mata shi ya sa. Tausayinsa ma ya kama ni. Sista ta ce canza littafi a tsakiyar SS2 zai cutar da yaran, amma za ta kawo maganar a taron iyaye da malamai na ƙarshen wata.

Da yamma na zauna da Rifkatu muna gyaran wake, na ce mata na karanta babin. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce, Mama, abin da ban gane ba, me ya sa kowa a littafin yake sauraron uban, ba wanda ya tambayi yarinyar yadda take ji? Na rasa abin da zan ce mata. Har yanzu ban yarda littafin ya dace da shekarunta ba. Amma ban taɓa jin ta yi tambaya irin wannan ba.

MalamAdabi_Jenta: Maman Rifkatu, ki gaya mata ta rubuta wannan tambayar a littafinta ta kai aji. Shekara huɗu ina koyar da littafin nan, ɗalibai biyu ne kawai suka taɓa yi mini ita.

Ladi_Rukuba: A taron nan ku nemi a riƙa ba iyaye jerin littattafan tun farkon SS1, da ɗan bayanin abin da ke cikin kowanne, da Hausa ma ga waɗanda ba sa jin Turanci. Kuma a tambaya ko akwai malama mace da za ta zauna da 'yan matan ranar da za a yi babin.

Hajiya_Gangare: Wace rana ce taron? Ƙanwata tana da 'ya a SS1 a wata makarantar Sistoci, zan ce mata ita ma ta je ta tambayi nasu. Ku kuma duba littafin ɓangaren Afirka da za su shiga a zango mai zuwa, in Second Class Citizen ne akwai maganar dukan mata da tsarin iyali a ciki, gara ki riga ta karantawa.

Maman_Rifkatu: Asabar ta ƙarshen wata ce Hajiya, ƙarfe 10. Shi ne za su yi, na riga na karɓi kwafinta, ina babi na 3.